Sunan da Umma Ba Ta Kira

A gidan Malam Salisu da ke Garki, babu sunan da ya sha kira kamar Kauthar. Tun da asuba ake fara shi. "Kauthar, tashi ki yi salla." "Kauthar, ina ɗankwalinki?" "Kauthar, zo ki ɗanɗana mini miyar nan." Har maƙwabtansu na saman bene, waɗanda Hausarsu ba ta wuce ta cefane ba, sun haddace sunan tsaf.

Zahra kuwa, yayar Kauthar ɗin, sunanta a bakin mahaifiyarsu shi ne "Ke". Ranar da aka so a ɗan mutunta ta, sai a ce "Yayar Kauthar". Wato ko a nan ma sai an biyo ta kan ƙanwar kafin a iso gare ta.

Kada wani ya ɗauka Hajiya Hadijatu muguwar uwa ce, ko kusa. Babbar ma'aikaciya ce a wata ma'aikatar tarayya, da kanta take tuƙa motarta, in ta juya harshe zuwa Turanci a waya sai ka rantse ba ta taɓa jin Hausa ba. Amma 'yar Katsina ce, tarbiyyar tsofaffi, kuma boko bai wanke mata kunyar ɗan fari ba. Ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta yabonta a gaban mutane, in baƙo ya ce "wannan 'yarki ce?" sai ta sunkuyar da kai ta ce 'yar gidan ce. Ga shi kuma sunan surukarta aka sa wa yarinyar, Fatima, ake yi mata alkunya da Zahra. Hadijatu ko Zahrar ba ta faɗa.

Zahra ta san duk wannan. Iya, kakarta ta wajen uba, ta sha yi mata bayani. Amma sani daban, zuciya daban. Yarinya ce da ta tashi a Abuja, inda uwar ƙawarta Bilqis ke tsayawa a bakin get ɗin makaranta tana ɗaga hannu tana ƙwala "Bilqis, my baby!" kowa na ji. Zahra takan tsaya da jaka a baya tana kallonsu, har motarsu ta iso, gilashi ya sauka, ta ji an ce, "Kauthar, ku shigo mana." Kishi take yi da ƙanwarta, kishi na gaske, irin wanda ke hana mutum jin daɗin abinci.

Ana nan sai wani gidan rediyo ya shirya gasar kacici-kacici ta yara. Tambayoyin irin waɗanda yara ke damun manya da su ne har a kore su: me ya sa ake ganin walƙiya kafin a ji tsawa, me ya sa albasa ke sa hawaye, me ake kiran ƙanwar mahaifin mutum. Mai gabatarwa wani barkwancin saurayi ne, Elvis, wanda yara ke kira Uncle Elvis. Hausarsa irin ta Abuja ce, mace da namiji duk "ya" ne a wurinsa, amma ya iya sa yara dariya. Makarantar su Zahra ta zaɓi yara biyu, kuma kamar da gayya, 'yan gida ɗaya suka fito: Zahra da Kauthar.

Zahra ta saurari zagayen da aka yi a baya a rediyo, ta lura da abin da kowa bai damu da shi ba. Duk yaron da ya ci, sai Elvis ya kira mahaifiyarsa kan dandamali, ya miƙa mata makirfo ya ce, "Mama, gaya wa duniya sunan wannan champion!" Uwa kuma ta faɗi sunan cikakke, ana tafi. Tun daga ranar Zahra ta daina tunanin kofi da kwamfutar da aka ce za a bayar. Abu ɗaya ta sa a gaba: ta ci gasar, a tsayar da Umma a gaban jama'a, a ga inda za ta ɓuya.

Ta duƙufa karatu kamar mai shirin jarrabawar fita. Sai dai matsalar tana kwana a ɗaki ɗaya da ita. Kauthar ba ta karatu sosai, amma abu in ya shiga kunnenta sau ɗaya ya zauna ke nan. Ga bakin magana, ga fara'a, ga ƙaramin jiki da ke sa manya su ce "kai, wannan 'yar!"

Wata Asabar Umma ta tafi da su kasuwar kifi ta Kado. Suna tsaye ana yanka musu tarwaɗa, Kauthar ta leƙa cikin baho ta ce, "Umma, me ya sa kifi ba ya ƙifta ido?"

Zahra, wadda ke riƙe da leda, ta yi caraf ta ce, "Ba shi da fatar ido irin tamu. Mu muna ƙiftawa ne don ido ya jiƙe, shi kuwa a ruwa yake, idonsa ba ya bushewa."

Umma ba ta ko waiwayo ba. Mai kifin, wani Bakano mai yawan surutu, ya ce, "Hajiya, yaran nan naki malamai ne fa."

"Ai Kauthar ɗin nan," in ji Umma tana dariya, "tambaya kamar 'yar jarida. Ba ta barin mutum ya huta."

Wadda ta yi tambaya aka yaba, wadda ta amsa aka ba ta ledar kifi ta biyu. Zahra ta riƙe su har mota, ruwan ƙarni na ɗiga mata a ƙafa.

A cikin makon ne Iya ta zo daga Katsina ganin likitan ido. Iya ba ta shan ruwan firji, ta ce yana kashe mata haƙora kuma ba shi da ɗanɗano. Dole Malam Salisu ya tafi har Ushafa, wurin masu ginin tukwane, ya sayo mata randa. Aka kafa ta a baranda kan yashi, aka ɗora mata faifai da moɗa. Kafin kwana biyu duk gidan sun koma shan ruwan Iya.

Ranar Alhamis da la'asar, Zahra na zaune a barandar da littafi, Kauthar ta zo ta ɗebi ruwa ta sha, ta shafa gefen randar.

"Yaya, ba a jona ta da wuta ba, amma ruwan da sanyi. Me ya sa?"

Zahra ta san amsar sarai, a daren jiya ma ta karanta. Har ta buɗe baki za ta faɗa, sai muryar Umma ta taso daga kicin: "Kauthar! In kin gama zo ki karɓi naman nan." Ita kaɗai. Abin da ke maƙale a ƙirjin Zahra tun Kado ya motsa.

"Ba ki sani ba?" ta ce, fuskarta ba alamar wasa. "Matan Ushafa suna jiran ruwan sama mai ƙanƙara. In ya sauka sai su tsince ƙanƙarar su kwaɓa yumɓu da ita. Sanyin sai ya zauna a jikin randar har abada."

Kauthar ta zaro ido. "Ko an gasa ta a wuta?"

"Wutar ce ma ke rufe shi a ciki."

"Wow. Yaya, kin san komai wallahi." Ta ruga kicin da gudu.

Zahra ta bi ta da kallo. Ta gaya wa kanta wasa ne, gobe za ta gyara mata. Goben ta zo ba ta gyara ba. Ta kuma gaya wa kanta cewa cikin tambayoyin duniya kaf, ai ba lallai a yi ta randa ba. Haka mai gina ramin mugunta ke lallashin kansa, ya manta an ce a gina shi gajere.

Ranar gasar aka cika wani zaure a Area 8. Iyaye, malamai, 'yan makaranta da tutocinsu, ga masu sayar da zoɓo a bakin ƙofa. Malam Salisu aiki ya kai shi Legas, saboda haka Umma ce ta zo, da Iya a gefenta cikin sabon tabarau. Suka zauna a layi na uku, inda Zahra ke iya hango su ba tare da ta juya kai ba.

Elvis ya fito da jar hula a karkace yana tsalle. "Yara manyan gobe! Kun shirya? Wanda bai shirya ba ya koma gida ya sha koko!"

Aka fara. Wani yaro mai suna Aminullahi ya bayyana yadda haske ya fi sauti gudu, shi ya sa walƙiya ke riga tsawa isowa. Aka tambayi wata yarinya ƙanwar mahaifinta mece ce a wurinta, ta ce "aunty", Elvis ya ce da Hausa ake so, ta tsaya tana raba ido har lokaci ya ƙare. Iya ta ce da ƙarfi, "Gwaggo! Yau na ga abin mamaki, 'ya'yan Abuja ba su san gwaggonsu ba." Zaure ya kwashe da dariya, Elvis ya roƙi Iya ta bar wa yara.

Aka tambayi Zahra me ya sa kaza ke ɗaga kai sama in ta sha ruwa. Ta ce kaza ba ta iya zuƙar ruwa kamar mutum, sai ta cika baki ta ɗaga kai ya gangara da kansa. "Correct!" in ji Elvis. Zahra ta saci kallon layi na uku. Iya na gunaguni, da alama tana cewa godiya kazar ke yi wa Allah. Umma kuwa ta sunkuya tana gyara zip ɗin jakarta.

Aka tambayi Kauthar ta albasa, ta amsa tana kwaikwayon mai hawaye, har Elvis ya riƙe ciki. Umma ta ɗaga hannu biyu tana tafi, bakinta har kunne. Daga inda take Zahra ta karanta sunan a leɓenta.

Yara suka yi ta zubewa ɗaya bayan ɗaya, har aka bar uku: Aminullahi da 'yan gidan Malam Salisu. Aminullahi ya faɗi a tambayar da ta shafi dalilin da ya sa jinjiri ba ya cin tuwo, don kunya ta kama shi ya kasa ambaton nono a gaban mata. Saura ya da ƙanwa.

"Kai, wannan gida akwai ƙwaƙwalwa!" in ji Elvis. "Yanzu doka ya canza. In ka faɗi, tambaya zai koma wurin ɗan'uwanka. In ya amsa, shi ke nan, ya ci. Kauthar, naki ne." Ya ɗaga kati. "Kakanninmu ba su da firji, amma suna shan ruwan sanyi. Me ya sa ruwan randa yake sanyi?"

Zahra ta sunkuyar da kai. Kauthar kuwa fuskarta ta washe. Ta juyo ta yi wa yayarta murmushi, irin na "ga tamu ta zo", sannan ta matso da makirfo.

"Uncle, saboda matan Ushafa suna kwaɓa yumɓun da ƙanƙarar ruwan sama. In aka gasa, sai wutar ta rufe sanyin a ciki har abada."

Zauren ya fashe da dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, amma yarinya ƙarama ba ta san bambanci ba. Wani malami har da buga ƙafa. 'Yan wata makaranta a baya suka fara rera "ƙanƙara, ƙanƙara". Murmushin Kauthar ya tsaya a fuskarta bai san inda zai nufa ba.

"Ayya, my dear, ba haka ba ne," in ji Elvis yana share ido. "Zahra, tambaya ya dawo gare ki. In kin amsa, kofi naki ne."

Nan fa ake yin ta. In ta ce ba ta sani ba, ƙaryarta ta rufu, a ci gaba da gasa, wataƙila Kauthar ta ci. In ta amsa, ƙanwarta za ta gane a gaban kowa cewa da sani aka jefa ta. Zahra ta dubi layi na uku. Umma ta miƙe zaune, idonta na kan Kauthar, hannunta a ƙirji. Ko yanzu, ko a wannan lokacin da kofi ke dab da shiga hannun 'yar fari, ba ita ake kallo ba.

Zahra ta ja makirfo. "Jikin randa yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ruwa na tsattsafowa ta nan kaɗan-kaɗan. In iska ta busar da shi, sai ya tafi da zafin ruwan da ke ciki. Kamar yadda gumi ke sanyaya jikin mutum."

"Correct! Correct! Yarinya nan ya iya!"

Tafi ya ɓarke. Cikin tafin Zahra ta ji idon Kauthar a gefen fuskarta, ta kasa juyawa. Elvis, wanda ba ya barin abin dariya ya wuce shi, ya durƙusa gaban ƙaramar ya ce, "Amma Kauthar, tsakani da Allah, wa ya gaya miki labarin ƙanƙara?"

Kauthar ta dubi yayarta. Kallo ɗaya, ba mai tsawo ba.

"Ba kowa, Uncle," ta ce. "Ni na zata."

Da ta tona ta, da ya fi wa Zahra sauƙi.

Aka kawo kofi, aka ɗora mata a hannu, ya fi yadda ta zata nauyi. Sai lokacin da ta yi wa duk wannan aiki ya zo. Elvis ya ɗaga murya: "Ina maman champion? Mama, fito! Zo ki gaya wa duniya sunan 'yarki!"

Mutane suka fara waige-waige. Wata malamarsu ta nuna layi na uku. Umma ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Elvis bai san dawan garin ba, ya ɗauka kunyar makirfo ce, ya sa yara suka ɗauki "Mama! Mama!" Ita kuwa Hadijatu, a ce ta hau dandamali ta yi shelar sunan 'yar fari, sunan surukarta, surukar na zaune a gefenta? Ta taɓa gwiwar Iya ta ce a hankali, "Iya, ku je."

Iya ta miƙe da sandarta, aka taimaka mata ta hau. Ta karɓi makirfo ta riƙe shi nesa da baki kamar zai cije ta. "Wannan takwarata ce," ta ce. "Fatima Zahra'u, 'yar Salisu. Kai kuma yaro, ba a sa uwa ta kira sunan ɗan fari. A tambayoyin naka babu wannan?" Aka sake dariya, Elvis ya dafa kai yana ba da haƙuri. Kowa ya ji daɗi. Zahra ta tsaya riƙe da kofi tana murmushin hoto. Ta sayar da ƙanwarta, kuma ba a biya ta ba.

Da aka tashi, suka nufi inda aka ajiye mota. Kauthar na gaba, ta ƙi yarda a riƙe mata hannu. Wasu yara suka wuce, ɗaya ya ce "ƙanƙara" ƙasa-ƙasa, suka tuntsire. Kauthar ta shige bayan mota ta haɗa kai da gwiwa. Iya ta zauna a gaba tana fifita da gefen mayafi, tana faɗin yadda za ta ba da labari a Katsina.

Zahra ta buɗe but ɗin motar za ta ajiye kofin. Umma ta zagayo ta tsaya kusa da ita. Ba ta ɗaga murya ba. Labarin zuciya a tambayi fuska, kuma Umma ta ga kallon da Kauthar ta yi a kan dandamali, ta kuma san 'yarta ba ta ƙirƙiro matan Ushafa da kanta ba.

"Zahra."

A cikin mota fifitar Iya ta tsaya cak.

Sau nawa ta kwanta tana ƙiyasta yadda sunan zai fito daga wannan bakin? Ta zata zai zo da dariya, irin yadda na Kauthar ke zuwa. Ga shi ya zo, a fili, harafi bayan harafi, kuma babu komai a cikinsa sai ɓacin rai.

"Zahra, dube ni. Ke kika gaya mata?"

Zahra ta ɗaga ido. Idon Umma ya yi ja, kuma ba fushi kaɗai ne a ciki ba.

"Ni ce, Umma."

Umma ta daɗe tana kallonta. "Tun ranar da aka raɗa miki nake tattalin sunan nan," ta ce. "Ban taɓa zaton a kan irin wannan zan fara kiransa ba." Ta karɓi kofin daga hannunta, ta kwantar da shi a gefen tayar safaya, ta rufe but ɗin. "Shiga ki zauna kusa da ƙanwarki."

Zahra ta shiga. Kauthar ta matsa can jikin ƙofa ta juya mata baya. Motar ta tashi, suka hau titi, kofin na gungurawa a baya yana bugun ƙarfe duk lokacin da aka sha kwana.

Da suka isa gida Umma ta kashe mota ta ce, ba tare da ta waiwayo ba, "Ke, ɗauko wa Iya jakarta."

Zahra ta yi saurin ɗaukowa. Tun da take, ba ta taɓa jin daɗin wannan "Ke" ɗin ba sai yau. Ta kai jakar ɗaki, ta fito baranda ta ɗebo ruwa a randa, ta tsaya da moɗar a bakin ƙofar ɗakinsu, inda Kauthar ta shige ta turo ƙofa.

"Kauthar," ta ce. "Kauthar, buɗe mana."

Ba a buɗe ba. Ta ci gaba da tsayuwa da moɗar a hannu, tana kiran sunan.